Yadda Za Ki Rubuta wa Yaranki Littafin Labari a Gida

A gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Ringim, littafin da yara suka fi so shafi 16 ne kacal. Ni na rubuta shi, ni na ɗinke shi da zaren da nake ɗinkin kayan mutane, bangonsa kuwa kwalin sukari ne. Ya sha hannu har gefunansa sun yi baƙi, kuma yaran maƙwabta suna zuwa aronsa kamar yadda ake zuwa aron turmi.

Abin da ya sa na fara shi ne babbar 'yata. Tana aji 2 a firamare ta dawo da wani littafi mai hoton tuffa da jirgin ruwa, tana bin kalmomin da baki, amma in na tambaye ta abin da ta karanta sai ta yi shiru. Yarinyar nan kuwa ita ce mai kawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun daga kai har wutsiya ba ta tsallake komai ba. Nan na gane kanta lafiya lau yake, takardar ce ba ta magana da ita. Ga yadda na bi, mataki bayan mataki. Da ke nake magana, 'yar'uwa, don mu muka fi zama da yara, amma uban da ke da hali shi ma aikinsa ne.

Da farko, ki ajiye biro ki saurara

Ki ba kanki mako guda ba ki rubuta komai ba. Ki kasa kunne ga abin da yaranki ke faɗa in suna wasan 'yar tsana, in suna langa ko 'yar gala-gala, in suna gardama a bakin murhu. Me ke ba su dariya? Me suke tambaya har sau uku? Nawa na tsakiya ya yi kwanaki yana tambayata inda shamuwa take tafiya in damina ta wuce. Auta kuwa ba ta da zance sai na akuyarmu mai farin goshi. A nan labari yake, a tsakar gida, tsakanin rumbu da turken awaki.

In Allah ya bar muku tsohuwa a gida, kin yi dace. Surukata, wadda muke kira Inna, tana da tatsuniyoyin da ban taɓa ji a wurin kowa ba. Wani dare bayan lisha na ce mata, "Inna, don Allah a yi wa yaran nan ta Kura da Dila, zan ɗauka a waya." Ta ce, "Ke kuwa me za ki yi da muryar tsohuwa?" Amma ta yi. Ki nemi izini kafin ki ɗauki muryar babba, kuma kada ki tura wa kowa a WhatsApp sai da yardarta. Amfanin ɗaukar shi ne za ki ji inda take jan murya, inda take tsayawa ta bar yara su amsa, da waƙar da ke tsakiyar tatsuniyar, wadda ita ce ke fara ɓacewa in mutum ya dogara da tuni kawai.

Na biyu, zaɓen labari ɗaya

Hanya biyu ce. Ko ki ɗauko tatsuniyar gado ki mayar da ita takarda, ko ki ƙirƙiri sabon labari daga abin da ya faru a gidanku. Ni shawarata ki fara da na biyun. Tatsuniyar gado tana da rassa da yawa, kuma yaro ya riga ya san ta daga bakin kakarsa, wadda ba za ki iya kamo ta a daɗin baki ba. Amma in ya buɗe littafi ya ga akuyar gidansu, da rijiyar unguwarsu, da kasuwar Gujungu da babansa ke ci ranar Lahadi, zai riƙe littafin nan kamar nasa, don nasa ɗin ne.

Labarin ya zama mai mutum ɗaya da damuwa ɗaya. Namu ga shi: akuyar Auta ta tsinke igiya, Auta ta fita nema. Shi ke nan. Babu kishiya, babu sarki, babu tafiya birni. Yaron da bai wuce shekara 7 ba yana iya bin mai nema ɗaya da abin nema ɗaya har ƙarshe, amma da kin ƙaro masa mutum biyar sai zaren ya kufce masa.

Ki yi hattara da Dodo. Na taɓa ba su wata tatsuniya da Dodo ya haɗiye yarinya a bakin rafi, Auta tana da shekara 4 a lokacin, ta yi kusan mako ba ta yarda ta fita bayan gida da dare sai na raka ta. Manyan yara suna son tsoro kaɗan, yana ƙara musu armashi, amma na ƙasa da shekara 5 ki bar su da dabbobin gida, da Gizo da wayonsa.

Na uku, ki ba da shi da baki kafin ki rubuta

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ki shimfiɗa tabarma bayan an ci tuwon dare, ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su ce "Ta zo mu ji ta," ki fara. Idonki yana kan fuskokinsu. Inda suka matso kusa, wurin ya yi kyau. Inda ɗaya ya fara tonon ƙasa da tsinke ko ya juya yana tsokanar ɗan'uwansa, wurin ya yi tsawo, gobe ki rage shi. Ki maimaita dare uku ko huɗu. Za ki ga labarin yana sauya kamanni da kansa, kamar yadda ƙullu ke kumbura in ya kwana.

A dare na farko na sa Auta ta tambayi mutum shida. Kafin na kai na huɗu yaran sun gaji. Na mayar da su uku: mai tallan fura, da makiyayi, da tsoho mai gyaran shinge. Tatsuniyoyinmu da yawa a kan uku suke tafiya, kuma ba banza ba: na farko yaro ya ji, na biyu ya gane tsarin, na uku ya riga ki faɗa.

Ki nemo amshi, wato 'yan kalmomin da za su riƙa dawowa. Namu shi ne:

"Kun ga akuyata mai farin goshi?"
"Ba mu gan ta ba, Auta, ƙara gaba."

A dare na biyu ban ƙara faɗin layi na biyun ba, su suke faɗa, har da ɗaga hannu. Amshin nan yana da wani amfani da sai daga baya na lura da shi. Yaron da bai iya karatu ba yana haddace shi, sa'annan in ya ga layin a takarda sau uku a wuri iri ɗaya, sai ya fara gane cewa wannan zanen shi ne "akuya", wancan shi ne "goshi". Ta nan na tsakiya ya shiga karatu, ba tare da na zaunar da shi da bulala ba.

Ƙarshen labarin ma yara ne suka gyara mini. Ni na ce an samu akuyar a gonar wake tana ɓarna, aka yi wa Auta faɗa don ba ta ɗaure ta da kyau ba. Babbar ta ce, "Umma, ai ba haka aka yi ba, a ƙarƙashin rumbu aka gan ta ta haihu." Gaskiyarta, haka aka yi. Na bar faɗan, na sa Auta ta leƙa ƙarƙashin rumbu ta ga 'ya'ya biyu, dukansu masu farin goshi. Ihun da suka yi a daren nan ya isa shaida. Tun daga ranar na daina liƙa wa labari wa'azi a wutsiya. Tarbiyya tana da wurinta, muna yi safe da yamma, kuma akwai makarantar allo da Islamiyya. Yaron da ya bi Auta gida uku tana sallama tana gaishe da manya kafin ta yi tambaya ya riga ya ɗauki abin da kike so ya ɗauka.

Na huɗu, rubutawa

Yanzu ki ɗauki tsohon littafin rubutu ki zuba labarin yadda kika ba da shi a daren ƙarshe. Kada ki canja murya don kin riƙe biro. Da yawanmu da mun zo rubutu sai mu koma Hausar labaran rediyo, mu ce "a sakamakon haka" inda da baki "sai" za mu ce. Ki bar "sai" ɗinki. Ki bar kalmomin da ke da ƙara a kunne: igiya ta tsinke ɓat, akuya ta yi wuf ta fice, Auta ta tsaya cak, gari ya yi tsit. Yara suna son su ƙwarai, kuma gajeru ne, suna da sauƙin haɗawa.

Sa'annan ki yanka labarin gida 12, kowane gida shafi ɗaya. Ga mai koyo, jimla ɗaya ko biyu ta isa a shafi, kowace kada ta wuce kalma 8 ko 10. Ki yi ƙoƙari kowane shafi ya ƙare a inda yaro zai so ya juya. Misali, shafi ya ƙare da "Auta ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin rumbu." Abin da ta gani sai a shafi na gaba.

Sai ƙa'idar rubutu, kuma a nan ina roƙonki kada ki yi sakaci, don abin da yaro ya fara gani shi ke zauna masa. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ki sa musu ƙugiyarsu. Kura daban, ƙura daban. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. In kin rubuta "kura ta tashi" alhali iska kike nufi ta taso da ƙura, kin sa yaro gudu a banza. Haka 'ya da 'ya'ya, da alamarsu a gaba. Wajen haɗewa da rabawa kuma: yana, tana, suna, suka, muka duk a haɗe suke, za ta, za su a rabe, akuyata, gidanmu, babansu a haɗe. In a waya kike tsara rubutun, Gboard, wato madannin rubutu na waya, yana da Hausa a cikin harsunansa, ki ƙara ta za ki samu haruffan nan.

Akwai kuma abin da boko ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Babba yana ganewa daga zancen, mai koyo kuwa yakan tsaya. In irin wannan kalmar ta shigo, ki tabbata jimlar ko hoton ya warware ta.

Game da karin harshe, mu nan Hausarmu tana kusa da ta Kano, amma wadda take wajen Haɗeja ko Gumel za ta ga wasu kalmominta sun bambanta da na littafin makaranta. Abin da nake gani shi ne ki yi bayanin labari da daidaitacciyar Hausa, don ita yaro zai tarar a aji, amma in tsoho ko makiyayi zai yi magana ki bar shi ya yi yadda mutanenku ke yi. In kuma kin iya ajami, ki rubuta layin a ƙasan na boko. Yaron da ya fara da allo zai ga baƙaƙen da ya sani, ga kuma Inna ita ma ta samu hanyar karanta wa jikokinta.

Abu ɗaya da nake kiyayewa: ba na sa aya ko hadisi a irin wannan littafin. Zai faɗi ƙasa, za a taka, wata rana akuya ma za ta ja shi.

Na biyar, haɗa littafin

Ki sa a sayo miki farar takarda irin ta hoto-kwafi, wadda ake kira A4, a wurin masu buga takardu a Ringim ko duk garin da ke kusa da ku. Falle 4 kike bukata. Ki jera su, ki ninka su gida biyu a tare, kin samu shafi 16. Kafin komai ki sa lamba da fensir a ƙasan kowane shafi, daga 1 zuwa 16, suna nan a ninke. Dalili kuwa, da kin ware fallayen za ki ga lambobin ba a jere suke ba: 16 tana zaune kusa da 1, 2 kusa da 15, 14 kusa da 3. Duk shafi biyu da ke gefe ɗaya na falle, in kin haɗa lambarsu 17 za ki samu. Wanda bai san wannan ba zai rubuta labarinsa a buɗe, ya ninka, ya tarar ƙarshe ya riga farko. Shafi na 1 na suna ne, na 2 ki rubuta wanda aka yi wa littafin da shekarar, labari ya fara daga na 3 zuwa na 14. Biyun ƙarshe ki bar su.

Ki ja layi da fensir marar nauyi, ki yi rubutu da baƙin biro ko maka mai siririn baki, manya-manya, harafi ɗai-ɗai ba mai haɗi ba, kowane ya kai kamar faɗin farcen babban yatsa. Ki bar tazara sosai tsakanin kalmomi. Rubutu a ƙasa, hoto a sama, kuma wuri ɗaya a kowane shafi don idon yaro ya san inda zai sauka. Ki gwada makar a wata takarda tukuna, wasu suna ɓullowa ta baya.

Hoto kuwa, kada rashin iya zane ya tsayar da ke. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude, wanda mutanen zamanin da suka yi da 'yan layuka kaɗan, har yau duk wanda ya gani ya san shanu ne. Akuya ma haka: jiki, ƙafa huɗu, ƙaho, da farin goshin nan da za ki bari ba launi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta zama iri ɗaya a kowane shafi, Auta kuma da ɗankwali kala ɗaya tun daga farko har ƙarshe, don da shi yaro ke gane ta. Mafi kyau ma ki ba yaran su zana. Babbar ce ta zana rumbunmu, har da ɗan tsanin da ke jingine. In babu fensir mai kala, ga gawayi, ga shuni, ga kurkur, ga ruwan zoɓo, sai dai ki shafa kaɗan-kaɗan da tsinke mai auduga don kada takardar ta jiƙe, kuma ki jira gefe ɗaya ya bushe kafin ki juya. In a gidanku ana ƙyamar zanen mai rai, ki tambayi malaminku. Akwai hanyar zana turke da tsinkakkiyar igiya, da sawun kofato a ƙasa, da ƙwaryar fura, labarin ya tafi daidai.

Bango ki yanko daga kwali marar kauri sosai, ya ɗan fi takardar girma ta kowane gefe. Ki ninka shi, ki sa fallayen a ciki, ki buɗe a tsakiya, tsakanin shafi na 8 da na 9. Ki huda wuri uku a kan ninkin da basilla: tsakiya, sama, ƙasa. Zare mai ƙarfi, ninki biyu. Ki shiga ta hudar tsakiya daga ciki, ki dawo ta ta sama, ki tsallake tsakiya ki fita ta ta ƙasa, ki sake dawowa ciki ta tsakiya, sai ki ƙulle bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Ɗinkin nan ya fi ƙusar maƙala takarda, wadda ke tsatsa da damina kuma tana yankar yatsa. Ni nakan liƙa ƙyallen atamfa a gadon bayan bangon, ragowar ɗinki, sai ya daɗe bai rabe ba.

Na shida, karantawa tare

Ki zauna yaron yana jikinki, littafin a gabanku ku biyu, fitila ta bayanku. Karon farko ki karanta masa duka ba tsayawa, da muryar tatsuniya, ki rufe da "Ƙurunƙus" yadda aka saba. Karo na biyu ki bi kalmomi da yatsa. Karo na uku ki yi shiru in an zo amshi, ki bar yatsanki a kan layin. Daga nan ne za ki fara tambaya: ina "a" a nan, wace kalma ce ta fara kamar "gero"? Wasulanmu biyar ne, kuma rubutun Hausa yana bin furuci sosai, don haka wanda ya kama ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya. Kada zaman ya wuce minti 10 ko 15, kuma ki tashi tun yana so a ƙara. In ya yi kuskure kada ki ce "a'a" da ƙarfi, ki sake karanta kalmar daidai ki wuce.

Ki ja babansu ciki. Maigidana da farko kallo kawai yake daga kan buzunsa. Wata rana Auta ta kai masa ta ce, "Baba, karanta mini." Ya karanta, ya yi muryar tsoho mai gyaran shinge har da tari. Yanzu in an zo wannan shafin shi ake jira.

Ajiya, da abin da ke biyo baya

Gara da ɓera da danshi su ne abokan gabar takarda a ɗakin ƙasa. Ki sa littafin a leda, ki ajiye a kwano mai murfi ko akwatin ƙarfe, amma a inda hannun yaro zai kai. Ki ɗauki hoton kowane shafi a waya. In za ki yi wa maƙwabta kwafi, ki kai fallayen wurin hoto-kwafi kafin ki ɗinke, ki ce a buga gaba da baya yadda suke, kada a sauya jerin. In kina da data, shafin African Storybook a intanet yana da labaran yara na Hausa kyauta, za ki ga yadda wasu ke raba jimla da hoto.

Littafi na biyu ya fi sauƙi. Namu na kacici-kacici ne: tambaya a shafin dama, amsa in an juya. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." A juya, ga tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje." A juya, ga wuta da hayaƙi. Na uku shi ne na shamuwa, wanda na tsakiya ya daɗe yana bina bashi, muka yi shi da kaka ana cikin yankan gero.

Shafuka biyun nan da na ce ki bari a ƙarshe, na yara ne. Ki ce su zana ko su rubuta abin da ya faru bayan labarin ya ƙare. A namu, babbar ta rubuta cewa ɗaya daga 'ya'yan akuyar ya girma an kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, Auta ta ƙi yarda, suka yi ta gardama har Inna ta raba su. Aka goge, aka rubuta cewa yana nan a turke. Babbar ta manta ƙugiyar ɗ a "ɗan akuya", na nuna mata, ta ɗauki biro ta sa da hannunta.